ABU ko BUK: Shawara Ga Masu Neman Gurbin Karatu da Iyayensu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini mu yi magana da iyaye da ɗaliban da ke shirin cike fom ɗin JAMB, musamman waɗanda hankalinsu ya rabu tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya da Jami'ar Bayero (BUK) da ke Kano. Mu malamai ne masu ba 'yan ajin ƙarshe na sakandare shawara kan neman gurbin karatu. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yanke wannan hukunci a gidaje da yawa. Uba ya yi ABU, don haka ɗa ma ABU. Yayar yarinya tana BUK, sai a ce ta bi sahu. Sai an gama gardamar wacce ta fi wacce sannan a tuna ba a tambayi yaron abin da zai karanta ba, balle a duba ko makinsa zai kai shi can.

Gardamar tsohuwa ce, kuma ta cikin gida ce. An buɗe ABU a 1962, Sardauna Ahmadu Bello ne uban jami'ar na farko. BUK daga jikinta ta fito: Kwalejin Abdullahi Bayero ce, reshen ABU a Kano mai koyar da Larabci da addinin Musulunci da tarihi da harsuna, ta zama kwalejin jami'a a 1975, ta tsaya da ƙafarta a 1977 ƙarƙashin Dakta Mahmud Tukur. Dukansu na gwamnatin tarayya ne, hukumar NUC ɗaya ce ke duba kwasa-kwasansu, malamansu kuma 'yan ASUU ne. Yajin aikin 2020 da ya ci kusan wata tara da na 2022 da ya ci wata takwas tare suka rufe su. Wanda ya ce zai zaɓi ɗaya don ya tsere wa yajin aiki bai zaɓi komai ba.

Abu na farko da kowa zai riƙe shi ne taura biyu ba ta taunuwa. Fom ɗin JAMB yana da gurbin zaɓi na farko har zuwa na huɗu, amma waɗannan jami'o'i biyu sun saba kiran waɗanda suka sa su a zaɓi na farko ne kaɗai zuwa tantancewa, domin su ma waɗannan ɗin sun ninka guraben da ke akwai sau da yawa. Ɗalibin da ke lissafin in Zariya ta ƙi Kano za ta karɓa ya zubar da zaɓinsa na biyu ne a banza. Wannan gurbi a ba wa jami'ar da ta saba ɗaukar 'yan zaɓi na biyu, sauran kuma a cike su da kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin ilimi waɗanda yaron zai iya zuwa da gaske idan ta ƙure.

Tunda ɗaya za a ɗauka, kwas ne ya kamata ya ja ragama. Jami'a ba abu ɗaya ba ce dunƙulalle, tarin sassa ne, wani mai ƙarfi wani mai rauni, kuma a sashe guda yaro zai yi shekarunsa huɗu ko biyar ko shida. A fannin noma da kiwo ABU tana da abin da ba a tara shi cikin shekara goma: cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, hukumar wayar da kan manoma ta NAERLS, da tsangayar likitan dabbobi wadda ta fara tun shekarun 1960. Wanda ke son likitan dabbobi, a ganinmu Zariya ce gidansa. Haka zanen gine-gine da zane-zane da haɗa magunguna, sassa ne tsofaffi a ABU masu ɗimbin tsofaffin ɗalibai a cikin sana'ar. Injiniyancinta ma ya fi rassa, har da na sarrafa ƙarafa, na albarkatun ruwa, da na roba da saƙa. A can ne kuma cibiyar CERT take, mai na'urar binciken nukiliya da aka ƙaddamar a 2004, ga cibiyar NARICT ta binciken sinadarai a Basawa da ta fasahar fata a Samaru, duk a kewayen gari ɗaya.

BUK kuwa ƙarfinta na asali yana wajen Larabci da nazarin addinin Musulunci da harshen Hausa. Cibiyarta ta nazarin harsunan Nijeriya ce ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Aikin jarida tsangaya ce sukutum a BUK, da gidan rediyonta, kuma tana zaune a garin da gidajen rediyo da talabijin da masana'antar fim suka yi yawa, abin da ke sauƙaƙa wa ɗalibi samun wurin koyon aiki. Tana da cibiyar harkar banki da kuɗi ta Musulunci, da cibiyar noma a busassun yankuna wadda Bankin Duniya ya tallafa wa, da Gidan Mambayya mai nazarin dimokuraɗiyya. A ɓangaren lafiya, karatun gashin ƙashi ya daɗe a Kano, ga asibitin ƙashi na Dala a kusa. Mai karatun kasuwanci ko injiniyanci da zai fita koyon aiki na wata shida yana da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a bakin ƙofa.

Sai dai a yi hattara da waɗannan manyan sunaye. Cibiyoyin bincike sun fi amfanar masu digiri na biyu da na uku. Ɗan aji ɗaya, a Samaru (ABU) yake ko a titin Gwarzo (BUK), babban ɗakin lacca zai shiga tare da ɗaruruwan 'yan'uwansa, wani lokaci ya ɗauki darasi a tsaye. Amfanin cibiya yakan iso gare shi ne a aji uku ko huɗu, wajen aikin gona na gwaji, ɗakin gwaje-gwaje, da malamin da zai duba masa kundin kammalawa.

Shari'a da likitanci sun cancanci a tsaya a kansu, don nan ne aka fi cunkoso kuma nan aka fi yin kuka. A ABU karatun lauya a matsugunin Kongo ake yinsa, kuma hanya biyu ce: akwai ta dokokin ƙasa, akwai wadda ta ba da ƙarfi ga shari'ar Musulunci, tun a fom ake zaɓar ɗaya, kuma sharuɗɗansu ba ɗaya ba ne. A BUK digiri guda ne da ya haɗa dokokin ƙasa da shari'ar Musulunci. Duk shekara biyar ne, duk kuma Makarantar Horar da Lauyoyi suke kaiwa. Yaron da ya fito daga makarantar Islamiyya da Larabci mai kyau yana da abin da zai yi takara da shi a hanyar shari'a ta ABU wanda ɗan'uwansa da bai yi Larabci ba ba shi da shi. Likitanci kuwa shekara shida ne a ko'ina, 'yan Zariya su ƙarasa a asibitin koyarwa na Shika, 'yan Kano a asibitin Malam Aminu Kano. Abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne jami'a ba ta da ikon ɗaukar yadda ta ga dama a waɗannan kwasa-kwasai. Hukumar likitoci ta MDCN ce ke ƙayyade adadin da kowace makaranta za ta yaye, haka majalisar ilimin shari'a, haka hukumomin masu haɗa magunguna da ma'aikatan jinya. Girman jami'a ba ya nufin yawan gurbin likita. Kuma shiga aji ɗaya ba shi ne zama ɗalibin likita ba, domin wanda bai cika sharaɗin tsallakawa aji biyu ba akan mayar da shi wani kwas.

Yanzu ga abin da muke ganin ya fi komai tasiri a wannan zaɓi, kuma shi aka fi jahilta. Jami'o'in tarayya suna raba guraben kowane kwas kashi uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, ana jera maki daga sama zuwa ƙasa ba ruwan kowa da jihar mutum. Kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko, jihohin Arewa kuma suna cikin wannan jeri. Ma'ana ɗalibi ƙofa uku gare shi, ko biyu, gwargwadon jiharsa da jami'ar da ya zaɓa. Yankin ABU faffaɗa ne, ya game jihohin Arewa, saboda tarihinta na jami'ar tsohuwar Jihar Arewa. Na BUK ya fi ƙunci, Kano ce da maƙwabtanta na Arewa maso Yamma. Ɗan Bauchi ko Borno ko Neja da ya nufi Zariya yana da ƙofar yanki, idan ya nufi Kano kuwa sai ya tabbatar jiharsa tana cikin yankin, in ba haka ba ƙofa biyu kawai ta rage masa. Ɗan Kano ko Jigawa ko Katsina yana da ƙofar yanki a duka biyun, amma lissafinsa daban ne. A BUK jihohin da za su raba kason kaɗan ne, sai dai 'yan jiharsa da ke nema suna da yawan gaske, musamman ɗan Kano, wanda da 'yan'uwansa Kanawa zai yi takara. A ABU jihohin da ke rabon sun fi yawa, kason kowace jiha a kwas mai cunkoso zai iya zama 'yan ƙalilan, amma masu nema daga jiharsa ba lalle su kai na gida ba. Shi ya sa ake ganin yara biyu masu maki ɗaya, kwas ɗaya, jami'a ɗaya, wani ya samu wani ya rasa, a ce an yi son kai. Wani lokaci son kan ne, amma sau da yawa ƙofofinsu ne suka bambanta. Hanyar da ta fi a nan ita ce a nemi ɗaliban jihar yaro da suka shiga wannan kwas bara da bara waccan a kowace jami'a, a tambaye su makin da suka shiga da shi. Amsar mutum huɗu ko biyar irin waɗannan ta fi duk hirar majalisa amfani.

Wannan ya kawo mu ga maki. Jarabawar JAMB, wato UTME, tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, jimlar maki 400. Mafi ƙarancin makin da aka amince wa jami'o'i a taron JAMB shi ne 140 a 2024, aka ɗaga zuwa 150 a 2025. ABU da BUK sun saba sa nasu a 180 ko kusa da haka. To 180 ɗin nan izinin sayen fom ɗin tantancewa ne kawai, ba gurbi ba ne. A 2024 fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna jarabawar ƙasa da 200 suka ci, don haka yaron da ya kawo 230 ko 240 sai gida ya ɗauka ya gama da kowa. Ya yi ƙoƙari, amma a layin likitanci ko lauya ko jinya ko haɗa magunguna ba da waɗancan yake takara ba, da 'yan tsirarun da ke can sama yake yi, kuma yawancinsu waɗannan kwasa-kwasan suke nema. Wannan maki da zai bar shi a baya a likitanci zai iya sa shi a sahun gaba a noma, ko kimiyyar sinadarai, ko ilimin koyarwa. Iyaye su daure su faɗa wa 'ya'yansu wannan gaskiya da wuri, kafin shekara ta tafi.

Makin UTME kuma ba shi kaɗai ake dubawa ba. Kowace jami'a tana da tata tantancewar, wadda aka fi sani da Post-UTME, wata shekara a zauna jarabawa a kwamfuta, wata shekara a tsaya ga duba takardu, kuma yadda ake haɗa makin yana iya canzawa. A karanta sanarwar wannan shekarar a shafin jami'ar na intanet, kada a dogara da abin da yayan yaro ya yi shekara uku da suka wuce. Dalilin da ya sa wannan ya shafi zaɓi a fili yake. A ɗauka jami'a tana raba nauyi rabi da rabi tsakanin UTME da jarabawarta: mai 250 da ya shirya sosai zai iya wuce mai 280 da ya miƙe ƙafa. Inda kuwa babu jarabawa ta biyu, mai 280 ya riga ya tsere. Ɗalibin da ya san makinsa bai nuna iyakar ƙoƙarinsa ba, jami'ar da ke yin jarabawa a wannan shekarar ta fi masa.

Akwai kuma waɗanda makinsu ya kai amma takarda ta kayar da su, su ne suka fi ba mu tausayi. Haɗin darussa na UTME dole ya dace da kwas. Likitanci da haɗa magunguna: Turanci, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Injiniyanci: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Ɗalibin da ya zauna haɗin likitanci ba zai iya komawa injiniyanci ba idan maki ya gaza, tunda bai rubuta Lissafi ba, kuma ba a canza darasi bayan jarabawa. Mai son lauya ko aikin jarida ya kula da Adabin Turanci, mai son akanta ya kula da Lissafi da Tattalin Arziki. A sakamakon sakandare ana son kiredit biyar har da Turanci, da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu, daga WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS. Amma a kundin bayanan JAMB, ƙarƙashin kowane kwas, akwai wurin da ake rubuta sharaɗi na musamman na kowace jami'a: wannan tana karɓar darasi kaza a madadin kaza, waccan ba ta karɓa, wata tana son zama ɗaya a kwas kaza. A wannan ƙaramin rubutu ne ABU da BUK suke rabuwa a kwasa-kwasai da dama, kuma kyauta ake karanta shi a shafin JAMB. Wani lokaci shi kaɗai ya isa ya raba gardamar, domin sai a tarar ɗaya ce kawai daga cikinsu za ta karɓi takardun yaron yadda suke.

Wajen rijista ma ana ɓarna. Tun 2021 sai da lambar NIN ake yi, ana tura ta zuwa 55019 ko 66019 daga layin wayar da zai zama na ɗalibin, a karɓi lambar da za a sayi fom da ita. Layin nan a riƙe shi har a gama makaranta, kada a yi da na maƙwabci ko na mai shagon intanet, haka adireshin imel da kalmar sirrinsa. Suna da ranar haihuwa da ke NIN su ne za su hau fom, don haka idan sun saɓa da na takardar WAEC ko NECO a gyara tun kafin rijista. Jiha da ƙaramar hukuma a rubuta na gaskiya, waɗanda za a iya kawo takardar shaidar asalinsu, domin da su ake saka mutum a ƙofar yanki, kuma za a nemi wannan takarda ranar rijista a jami'a. 'Yan mata su guji ƙunshi da lalle a yatsu kafin rijista da kafin jarabawa, JAMB ta sha gargaɗi a kai saboda na'urar ɗaukar zanen yatsa takan kasa karantawa. Kuma ɗalibi ya karanta abin da aka shigar a kwamfuta da idonsa kafin a tura, musamman sunan jami'a da kwas da darussa huɗu. Wanda shekarunsa ba su kai 16 ba kuwa ƙa'idar yanzu ba ta ba shi gurbi, sai 'yan ƙalilan masu hazaƙa ta musamman da ake tantancewa daban.

Abin farin ciki, zaɓin da aka yi ranar rijista ba shi ne na ƙarshe ba. Bayan fitowar sakamako JAMB tana buɗe damar canza jami'a ko kwas a cibiyoyinta da aka amince da su, da kuɗi kaɗan. A ganinmu nan ne ainihin lokacin yanke hukunci tsakanin Zariya da Kano, tunda maki yana hannu. Sai dai lokaci ne mai gajeren zango. Canjin yana ɗaukar kwanaki kafin ya bayyana a wurin sabuwar jami'ar, kuma idan ta rufe fom ɗin tantancewarta kafin sunan yaro ya isa, ya bar ta farko bai sami ta biyu ba. Canji a JAMB kuma ba ya wadatarwa, sai an koma shafin sabuwar jami'ar an yi rijistar tantancewa. A yi shi sau ɗaya, da wuri, bayan an yi lissafi.

Daga nan komai ya koma manhajar CAPS ta ba da gurbin karatu da JAMB ta kawo a 2017. Wanda ya yi rijista yana jiran sakamakon sakandare, da zarar ya fito ya je cibiya a ɗora shi, ya kuma buɗe shafinsa ya gani da idonsa cewa ya hau, domin ba a ba da gurbi ga wanda nasa bai hau ba komai makinsa. Idan jami'a ta ga bai kai kwas ɗin da ya nema ba ta so mayar da shi wani, saƙo zai zo a CAPS yana jiran amincewarsa, kuma yara da yawa suna rasa gurbi don ba su leƙa ba. Idan gurbi ya fito a karɓa cikin wa'adin da aka ɗiba, a buga takardar JAMB. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, ko wa ya kawo shi, ba gurbi ba ne, kuma ranar tafiya bautar ƙasa ake gane haka. Wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi a ABU ko BUK, a rabu da shi.

Game da kwas ɗin da aka mayar da yaro, a yi shawara da hankali. Ana yawan cewa ya shiga kawai, in ya gama aji ɗaya sai ya canza zuwa likitanci ko lauya. Wannan ƙofa ƙunci gare ta ƙwarai saboda ƙayyadadden adadin da muka ambata. Ya karɓi kwas ɗin idan zai iya zama a cikinsa har ƙarshe.

Sai zama da aljihu. Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 150 ne, amma rayuwar ɗalibi a cikinsu ta bambanta. Samaru gari ne da jami'a ta raya, ɗalibi zai iya kwana da karatu da cefane ba tare da ya hau mota ba, sai dai mai karatun lauya ko mulki ya san Kongo zai zauna, can wajen Tudun Wada, ba Samaru ba. BUK a rarrabe take tsakanin tsohon matsuguni da ke kusa da Kabuga, sabon matsuguni a titin Gwarzo, da asibitin koyarwa a titin Zariya, don haka a tambayi inda sashen yaro yake kafin a kama ɗaki. Ɗakunan kwana ba sa isa a duka biyun. Wanda bai samu ba zai yi haya, a Samaru ko Hayin Dogo ko Palladan a Zariya, ko a Danbare ko Rijiyar Zaki ko Janbulo a Kano, kuma kuɗin haya da ruwa da abinci sukan fi kuɗin makaranta nauyi a shekara. Ga iyalin da ke zaune a Kano, yaron da zai riƙa zuwa daga gida ya rage musu kaso mafi girma na wannan nauyi, amma a lissafa kuɗin adaidaita sahu na kullum da awannin da zai ɓata a hanya, musamman mai laccar ƙarfe takwas da zai taso daga Hotoro ko Mariri. Ba ma ganin aibi a ce kuɗi ne ya raba gardama. Yaron da ke karatu da ciki a ƙoshe a jami'ar da ke kusa ya fi wanda ke fama da yunwa a wadda ake yabo. Ga 'ya mace, inda akwai ɗan'uwa na jini da za ta dogara da shi a garin abin dubawa ne, amma kada ya zama hujjar tura ta kwas ɗin da ba ta so.

Kuɗin rijista ya tashi a jami'o'in tarayya a 2023, kuma ya bambanta daga kwas zuwa kwas, na lafiya ya fi tsada. A duba jadawalin shekarar a shafin kowace jami'a. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND, marar ruwa, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata idan ya nema, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ɗaliban ABU da na BUK duk suna iya nema, sai dai bayan an sami gurbi ake yi, don haka kuɗin farko na tafiya da rijista da katifa a tanade shi a gida.

Wanda bai samu ba a bana yana da hanya banda zaman jiran wata JAMB ɗin. ABU ce ke kula da jarabawar IJMB, wadda ake karanta darussa uku na kusan shekara guda, a nemi shiga aji biyu kai tsaye da fom ɗin DE, tana kuma da makarantar share fage a Funtuwa. Mai NCE ko difloma ma ta DE yake shiga. Guraben wannan hanya kaɗan ne a kwasa-kwasai masu cunkoso, kuma a tabbatar cibiyar da za a yi karatun tana da rijista. A 2023 JAMB ta bayyana cewa cikin takardun DE 148 da BUK ta bincika, shida ne kawai na gaskiya, kuma tun daga nan aka tsananta tantance irin waɗannan takardu.

Jerin gwanaye na jami'o'in duniya da ake yaɗawa a Facebook duk shekara, kowane ɓangare yana ɗaga wanda ya fifita tasa, bai kamata ya shiga wannan lissafi da yawa ba. Yawancin abin da ake aunawa a ciki bincike ne da wallafe-wallafen malamai. Abin da ya fi shafar ɗalibi shi ne ko kwas ɗinsa yana da cikakkiyar amincewar NUC da ta hukumar sana'arsa, kamar COREN ga injiniyoyi, sannan matakin digirin da zai fita da shi. Ma'aikatu da masu ba da tallafin karatu da yawa suna yanke layi ne a digiri mai daraja ta biyu babba, wato maki 3.50 cikin 5.00, ba sa tambayar ko daga Samaru aka samo shi ko daga titin Gwarzo.

Muna da roƙo ga hukumomin jami'o'in biyu. Bayan an kammala ɗaukar ɗalibai kowace shekara, su wallafa makin ƙarshe da aka tsaya a kai a kowane kwas, ta ƙofar cancanta, ta yanki jiha-jiha, da ta jihohin da aka bari a baya, tare da adadin waɗanda suka nema da waɗanda aka ɗauka. Alƙaluman suna hannunsu, tunda da su suka yi aikin a CAPS. Idan aka fitar da su kafin JAMB ta buɗe canjin jami'a, ɗan Gumel ko ɗan Biu mai maki 240 zai iya zama da mahaifinsa su duba takarda guda su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Mun gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu malaman sakandare masu ba ɗalibai shawara kan neman gurbin karatu.